Yadda Ake Hasashen Tsawon Rayuwar Mai Sankarar Hanta Idan Yana Ɗauke da HIV

Da zarar sakamakon hoto ya nuna ƙari a hantar mara lafiya, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce, ko da an lulluɓe ta da kunya. Babban wa zai ja ma'aikacin lafiya gefe ya ce, "Likita, don Allah gaya mini gaskiya, yaya ake ciki?" Ba wanda ya san ranar ajalin wani, kuma hasashen da ake magana a kai a nan ba da'awar sanin gaibu ba ne. Kirdado ne da ake ginawa a kan abin da ya faru da dubban mutane masu irin wannan larura, domin a san wanda tiyata za ta amfana, da wanda ya kamata a tura babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba, da kuma wanda sayar da gona saboda shi ba zai ƙara masa komai ba sai wahala. Idan mara lafiyan yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, aikin yana ƙara sarƙaƙiya, saboda cututtuka uku ne suka haɗu a jiki ɗaya: ƙarin da ke girma, hantar da ta riga ta lalace kafin ƙarin ya fito, da kuma garkuwar jiki da ta raunana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga HIV a katin mutum a yanke ƙauna nan take, alhali a mafi yawan lokuta ƙarfin hantar ne ke yanke hukunci.

Dalilin haɗuwar cututtukan a yankinmu sananne ne. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekaru 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, yayin da ciwon hanta nau'in B ya kama kusan kashi 8 cikin ɗari na manya. Allurar rigakafin nau'in B ba ta shiga jerin rigakafin yara a ƙasar ba sai a 2004, saboda haka magidantan yau sun tashi ba tare da ita ba. Ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa daga gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, wadda ke haɗa kai da ƙwayar cutar hanta wajen haddasa sankara tun mutum yana da sauran ƙuruciya. HIV kuwa tana hanzarta taurarewar hanta a jikin wanda ke da nau'in B ko C.

Tabbatar da cewa sankarar ce

Ba a fara lissafi sai an tabbatar da abin da ake lissafawa. A jikin mai HIV, musamman wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, ba duk ƙullutun da aka gani a hanta ne sankarar ƙwayoyin hanta ba. Tarin tibi yana iya sauka a hanta, sankarar kaluluwa wadda likitoci ke kira limfoma tana yawan kama masu HIV kuma tana bayyana a can, haka ma ƙurjin hanta mai ɗauke da mugunya. Waɗannan duka suna da magani, kuma makomarsu ta sha bamban da ta sankarar hanta. Hoton sikanin na yau da kullum yana nuna cewa akwai ƙari, amma ba ya isa ya faɗi irinsa. Abin da ake buƙata shi ne hoton CT ko MRI da aka yi tare da allurar rini ana ɗaukarsa a matakai daban-daban: ƙarin sankarar hanta yana shan rinin da wuri ya yi haske fiye da sauran hantar, sannan ya sake shi daga baya ya koma duhu. Idan an ga wannan siffa a ƙarin da ya kai santimita 1 ko fiye a hantar da ta taurare, ya wadatar. Idan siffar ba ta fito sarai ba, sai a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji, muddin jinin mara lafiyan yana daskarewa yadda ya kamata.

Auna sauran ƙarfin hanta

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin mutane da yawa masu wannan cuta gazawar hanta ce ke ajalinsu kafin ƙarin ya gama yaɗuwa. Ma'aunin da ya fi tsufa shi ne na Child-Pugh, wanda Child da Turcotte suka fara shimfiɗawa a 1964, Pugh da abokan aikinsa suka gyara shi a 1973. Abubuwa biyar ake dubawa, kowanne ana ba shi maki 1 zuwa 3. Bilirubin, wato sinadarin da ke sa idon mai shawara ya yi rawaya, yana samun maki 1 idan bai kai 34 ba a ma'aunin maikuromol a kowace lita, maki 2 daga 34 zuwa 50, maki 3 idan ya haura 50. Albumin, furotin ɗin da hanta ke sarrafawa, yana samun maki 1 idan ya wuce giram 35 a lita, maki 2 daga 28 zuwa 35, maki 3 idan ya gaza 28. Gwajin daskarewar jini na INR yana samun maki 1 idan bai kai 1.7 ba, maki 2 daga nan zuwa 2.3, maki 3 idan ya wuce haka. Sauran biyun da ido da hannu ake tantance su: ruwan da ya taru a ciki, babu ko kaɗan ko mai yawa, da kuma ruɗewar hankali da ke zuwa idan hanta ta kasa tace guba, wadda sau da yawa ke farawa da baccin rana da rashin baccin dare kafin a kai ga sambatu. Jimillar maki 5 ko 6 rukunin A ne, 7 zuwa 9 rukunin B, 10 zuwa 15 kuwa rukunin C, wanda ke nufin hantar ta kusa gazawa gaba ɗaya.

Raunin wannan ma'auni shi ne biyun nan na ƙarshe, domin abin da wani likita ya kira ruwa kaɗan, wani zai kira shi mai yawa. Shi ya sa a 2015 Philip Johnson da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin ALBI, wanda ba ya buƙatar komai sai albumin da bilirubin, gwaje-gwaje biyu da kusan kowane babban asibitin gwamnati ke iya yi. Lissafin shi ne a ɗauki log10 (maɓallin log na kalkuleta) na bilirubin a ninka shi da 0.66, sannan a debe abin da aka samu idan aka ninka albumin da 0.085. Amsar kusan kullum tana zuwa ƙasa da sifili. Idan ta kasance −2.60 ko ƙasa da haka, mataki na 1 ne, wanda ya fi kyau. Daga sama da −2.60 zuwa −1.39 mataki na 2. Abin da ya haura −1.39 mataki na 3. Yawancin wayoyin zamani suna da kalkuletan da zai yi wannan cikin minti ɗaya. Abin da za a kiyaye kawai shi ne ma'aunin da ɗakin gwaji ya yi amfani da shi, domin wasu suna rubuta bilirubin da miligiram a desilita, wanda sai an ninka shi da 17.1 kafin a sa a lissafi, albumin kuma idan an rubuta shi 3.0 maimakon 30 sai an ninka shi da 10. David Pinato na kwalejin Imperial da ke Landan, tare da abokan bincikensa daga ƙasashe da dama, sun gwada ALBI a kan masu sankarar hanta da ke ɗauke da HIV, kuma sun samu cewa yana raba su rukuni-rukuni gwargwadon tsawon rayuwarsu kamar yadda yake yi ga sauran jama'a.

Sai dai akwai tarkon da ya keɓanta da masu HIV, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancantar a riƙe daga wannan rubutu: magungunan da suke sha suna iya sauya lambobin ba tare da hantar ta sauya ba. Atazanavir, maganin HIV da ake bayarwa a layi na biyu a Nijeriya, wato idan na farko ya gaza, yana toshe sinadarin da ke sarrafa bilirubin a hanta, sai idon mutum ya yi rawaya alhali hantarsa ba ta ƙara lalacewa ba. A ɗauka ga magidanci ɗan shekara 42 yana shan wannan magani, albumin ɗinsa 30, bilirubin 70, INR 1.8, da ɗan ruwa kaɗan a ciki, hankalinsa kuwa garau. A lissafin Child-Pugh zai samu maki 3 na bilirubin, 2 na albumin, 2 na INR, 2 na ruwa, 1 na hankali, jimilla 10, wato rukunin C. ALBI ɗinsa zai ba da −1.33, mataki na 3. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce wa iyalinsa su koma gida. Amma idan aka nemi ɗakin gwaji ya raba bilirubin ɗin gida biyu, aka ga cewa mafi yawansa nau'in da bai bi ta hanta ba ne, sannan aka sauya maganin ya sauko zuwa 20 bayan 'yan makonni, makin Child-Pugh zai koma 8, rukunin B, ALBI kuma ya koma −1.69, mataki na 2. Mutumin bai canja ba, ƙarin bai ragu ba, amma ƙofofin magani da aka rufe masa sun sake buɗewa.

Akwai irin wannan a wasu wuraren. Dolutegravir, wanda ke cikin ƙwayar TLD da mafi yawan masu HIV ke sha a yau, yana ɗaga kiriyatinin, wato sinadarin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, kaɗan ba tare da ya taɓa ƙoda ba, kuma hakan yana shafar ma'aunin MELD da ake amfani da shi wajen dashen hanta. Albumin yana iya faɗuwa saboda yunwa, ko gudawa mai daɗewa, ko zubar furotin ta fitsari idan HIV ta taɓa ƙoda. Magungunan tarin tibi, musamman isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, suna iya kumbura hanta. Wanda ya daina shan TLD kuma, ko don maganin ya yanke ko don wani ya ba shi shawarar ya koma ga jiƙe-jiƙe, yana iya fuskantar tashin ciwon hanta nau'in B mai tsanani, saboda tenofovir da lamivudine da ke cikin ƙwayar su ne suke danne shi. Saboda haka kafin a rubuta rukuni a kati, a tambayi mara lafiya duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, kuma a tambaya cikin sigar da ba za ta sa ya ɓoye ba. Lambar da aka ɗauka a ranar da mutum ke fama da zazzaɓi ko aman jini ba ita ce ainihin lambarsa ba, sai an maimaita bayan ya lafa.

Girman ƙarin da ƙarfin jiki

Game da ƙarin kansa, tambayoyi huɗu ne hoton zai amsa: guda nawa ne, mene ne girman mafi girmansu, shin ya shiga babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta, kuma shin ya tsallaka zuwa huhu ko ƙashi ko kaluluwa. Shigar ƙari cikin wannan jijiya tana daga cikin alamomi mafi muni, ko da ƙarin bai yi girma sosai ba. A haɗa da gwajin jini na AFP, wani furotin da sankarar hanta kan ƙara yawansa a jini: idan ya kai 400 ko fiye, alama ce ta ƙari mai saurin yaɗuwa, amma kasancewarsa daidai ba ya wanke mutum, domin akwai masu sankarar hanta da yawa waɗanda AFP ɗinsu bai taɓa tashi ba.

Ƙarfin jiki ana auna shi da ma'aunin ECOG, daga 0 zuwa 4, kuma ba ya buƙatar na'ura. Idan aka tambayi Bahaushe yaya jiki, amsarsa "da sauƙi" ce ko da ba ya iya ɗaga kai, don haka sai a bi ta wata hanya. A tambaye shi ko har yanzu yana fita kasuwa ko gona, ko yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko a tsaye yake salla ko a zaune, ko shi ke yin alwala da kansa, ko sai an riƙe shi zuwa banɗaki. Mace kuma a tambaye ta wa ke girki da shara a yanzu. Wanda ke harkokinsa kamar da yana kan 0. Wanda ya daina aikin ƙarfi amma yana zirga-zirga yana kan 1. Wanda ya daina aiki ɗungurungum amma yana kula da kansa kuma yana yin fiye da rabin yini ba a kwance ba yana kan 2. Wanda ke yin mafi yawan yininsa a shimfiɗa yana kan 3, wanda kuwa ba ya tashi ko kaɗan yana kan 4.

Waɗannan abubuwa uku, hanta da ƙari da ƙarfin jiki, su ake haɗawa a tsarin BCLC, wanda likitocin birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya suka fitar a 1999 kuma aka sabunta shi a 2022. Mataki na 0 ƙari ɗaya ne da bai wuce santimita 2 ba; mataki na A ƙari ɗaya ne, ko waɗanda ba su wuce uku ba kowanne bai haura santimita 3 ba, kuma a duka biyun hanta tana aiki, jiki yana da ƙarfi, ana sa ran fiye da shekara 5 idan an yi tiyata ko an ƙone ƙarin ko an yi dashe. Mataki na B ƙari ne da yawa a cikin hanta kaɗai, ana sa ran fiye da shekara biyu da rabi. Mataki na C ya shiga jijiya ko ya fita daga hanta, ana sa ran kusan shekara 2 da magungunan zamani. Mataki na D kuwa shi ne inda hanta ta gaza ko ƙarfin jiki ya kai 3 ko 4, kuma matsakaicin abin da ake gani wata 3 ne.

A nan dole a yi hattara sosai, domin waɗannan alƙaluma na mutanen da suka samu maganin da tsarin ya tanada ne. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan marasa lafiya fiye da 2,500 daga ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya nuna cewa a Masar matsakaicin tsawon rayuwa bayan gano cutar wata 10.9 ne, a sauran ƙasashen kuwa wata 2.5, inda kusan kashi 72 cikin ɗari suka iso asibiti a mataki na D, kuma kashi 3 kawai suka samu maganin da ke fuskantar sankarar kai tsaye. Saboda haka ba daidai ba ne a karanta wa mutum shekara 2 daga littafi alhali ba shi da hanyar samun magungunan sankara na zamani irin su atezolizumab da bevacizumab, ko ma sorafenib, wanda a babban gwajinsa na 2008 ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 7.9 zuwa 10.7 kacal. Dashen hanta, wanda sharuɗɗan Milan na 1996 suka taƙaita ga mai ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba ko uku da ba su wuce santimita 3 ba, akasari sai an fita Masar ko Indiya. Hasashe na gaskiya yana tambayar abin da wannan mutum zai iya samu a zahiri, da kuɗin da yake da shi da nisan garinsu daga asibitin koyarwa.

Inda HIV ta shigo lissafi

Babu ɗaya daga cikin ma'aunan nan da ya ware wa HIV gurbi, don haka likita ne zai ɗora ta a kan sakamakon da hankalinsa. Binciken Pinato da aka wallafa a 2019, wanda ya bi marasa lafiya 1,588 da ba su samu maganin sankarar ba, 132 daga cikinsu masu HIV, ya samu matsakaicin rayuwa na wata 2.2 ga masu HIV da wata 4.1 ga marasa ita, kuma bayan an daidaita sauran dalilai HIV ta ƙara haɗarin mutuwa da kashi 24 cikin ɗari. Wannan ƙari ne na gaske, amma bai kai tazarar da ke tsakanin rukunin A da rukunin C na Child-Pugh ba. Rahotanni daga cibiyoyin Turai da Amurka sun kuma nuna cewa masu HIV da aka gano cutarsu da wuri aka yi musu tiyata ko dashe suna samun sakamako mai kusanci da na sauran mutane.

Abubuwa biyu za a duba: yawan ƙwayar cutar a jini da adadin CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa. Wanda ƙwayar cutar ta ɓuya a jininsa saboda yana shan magani a kan kari, kuma CD4 ɗinsa ya haura 200, a lissafa shi kusan kamar kowa, a kuma tura shi duk inda za a tura wanda ba shi da HIV. Wanda CD4 ɗinsa bai kai 200 ba, wato abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira cutar da ta yi nisa, yana fuskantar haɗari na biyu daga tarin tibi da sanƙarau na funfuna da sauran cututtukan da ke cin gajiyar raunin garkuwa, kuma waɗannan suna iya riga sankarar. Shi ma CD4 yana da nasa tarkon: idan hanta ta taurare saifa tana kumbura ta tsare ƙwayoyin jini, sai adadin ya faɗi ƙasa da ainihin ƙarfin garkuwar. A irin wannan hali kason CD4 cikin ɗari ya fi adadin faɗin gaskiya. A duba kuma ko mara lafiya yana shan ritonavir ko cobicistat a cikin magungunansa na HIV, waɗanda ke sa wasu magungunan sankara su taru a jini fiye da kima. Sauyawa zuwa dolutegravir, idan tarihin maganinsa ya ba da dama, yana kawar da yawancin wannan matsala.

Isar da maganar

Kalmar matsakaici tana buƙatar bayani, domin idan an ce wata 3 ana nufin rabin mutane sun wuce haka, rabi ba su kai ba. Ya fi dacewa a yi magana da zango: makonni zuwa 'yan watanni, ko watanni zuwa shekara, ko shekaru. A fara tambayar mara lafiya shi kansa ko yana son jin komai, da kuma wanda yake so ya zauna tare da shi. Dangi sukan roƙi a ɓoye masa, amma magidanci yana da bashin da yake son biya, da wasiyyar da yake son bari, da wanda yake son neman gafararsa, kuma waɗannan ba sa yiwuwa bayan hankali ya ruɗe. Batun HIV kuwa sirrinsa ne. Ana iya yi wa 'yan'uwa cikakken bayanin hanta da sankara ba tare da an ambaci abin da bai yarda a ambata ba, yayin da matarsa ko mijinta ke buƙatar a ƙarfafa mara lafiyan ya bari a yi musu gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B, 'ya'ya ma haka.

Ga wanda lissafi ya sa a mataki na D, a ci gaba da maganin HIV muddin yana iya haɗiya, a zuƙe ruwan ciki idan ya hana numfashi, a ba da mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, a ƙaramin ma'auni idan ciwo ya tsananta, a hana diclofenac da ibuprofen saboda suna jawo zubar jini da gazawar ƙoda, farasitamol kuma kada ya wuce giram 2 a yini. Ga sauran matakan, a maimaita albumin da bilirubin da INR da AFP a kowane zuwa asibiti, a sake hoto bayan kowane zagayen magani, kuma a rubuta sabon rukunin kusa da tsohon tare da kwanan wata, domin wanda ya tashi daga maki 6 zuwa 9 cikin wata biyu yana kan wata hanya dabam da wanda ya shekara a kan maki 8.